Babur Ɗin Ofis a Kan Amalanke

Har gobe ba zan manta da ranar da aka ɗauko babur ɗin ofishinmu a kan amalanken shanu ba, ni ina biye da shi a ƙafa, wando duk taɓo. Na san kun riga kun ji labarin, domin duk sabon malamin gona da aka kawo Karaye sai an nuna masa ni an ce ga mutumin da aka ƙwace wa babur saboda taurin kai. To, ba ƙwacewa aka yi ba, ni na ajiye makullin da hannuna. Tunda kun tambaya, ku gyara zama ku ji daga bakina.

A shekarar ne aka fara awon gonaki da waya. Kafin nan manomi ne yake faɗin girman gonarsa mu rubuta, kowa kuwa gonarsa a bakinsa ta fi ta maƙwabcinsa. Sai shirin tallafin da muke wa aiki ya ce an daina. Duk mai son taki da irin shuka, sai malamin gona ya je ya zagaya iyakar gonarsa da waya a kunne, ita kuma tana zana taswirar da kanta, ta fitar da girman. Gonar da ba a zagaya ba babu ita a wurinsu, ko da kakan mai ita ne ya sare dajin. Kuma akwai ranar rufewa, wadda in ta wuce ba a ƙara karɓar awon kowa sai wata shekara.

Ni aka ba wa ɓangaren Rogo, wato mazaɓar Falgore da wani yanki na Rogo Ruma, domin a lokacin ni ne babba a malaman fili, daga ni sai kodineta. Aka kawo mana sababbin babura, nawa ya fi na kowa girma saboda tafiyata ta fi nisa. Dogo ne mai ƙaton tanki, irin na masu yawon ƙasashe, da mariƙin waya a tsakiyar kansa. Mutanen Unguwar Hajji inda nake zaune suka sa masa suna Raƙumi, sunan ya bi shi har ofis. Ina son babur ɗin nan, ba zan ɓoye muku ba. Yashi ba ya kayar da shi, rami ba ya karya maka baya. Aibinsa ɗaya ne, ba shi da kik. Maɓalli ake dannawa ya tashi, in batir ya yi sanyi kuwa sai turi.

Amma damuwarmu ta farko waya ce. Wayar da take zaune a rana tun safe, fuskarta a kunne, tana bin taswira, da ƙyar take kaiwa azahar. In ta mutu kana tsakiyar zagaye, abin da ka zagaya ya bi iska, sai ka sake daga farko. Ofis ya raba mana fawabank, ɗan batirin nan na cajin waya, aka ce kowa ya riƙa cika nasa a gida. A gidan wa? Wuta a unguwarmu baƙuwa ce, takan leƙo ta gaishe mu ta wuce. Nawa ma bai daɗe ba ya kumbura kamar ƙosai saboda zafin jakar babur. Na kai kukana wurin kodinetanmu, Alhaji Tukur, na ce a bar mu mu ja wuta daga jikin babur. Ya ce waɗanda suka sayar wa ofis da baburan sun kafa sharaɗi, duk babur ɗin da aka yanke wa wayarin, wato igiyoyin wutarsa, sun zare hannunsu daga gyaransa. Saboda haka doka ce, ba mai yanke komai.

Alhaji Tukur ba mugu ba ne, kada ku je ku ce na ce. Shi dai mutum ne da in aka ba shi gadin ƙofa, gidan zai iya cin wuta yana tsaye a bakin ƙofar, ya ce shi ƙofa aka ba shi.

Na ɗauki Raƙumi na kai wa Iliya rewaya a Rogo, mai gyaran wutar babura da motoci. Ya buɗe kujera ya leƙa, ya ce hanya biyu ce. Ta farko a jawo wutar ta bayan makulli, yadda soket ba zai samu wuta ba sai an kunna babur, amma sai an yanke igiyar wuta ɗaya an yi haɗi. Ta biyu a ɗaura kai tsaye a kan batir, noti biyu kawai za a kwance, a sa fis a tsakani, ba a yanke komai ba. Sai dai wannan kullum da wuta a bakinta, inji yana aiki ko ba ya yi.

"Malam, ta farkon ita ce aiki," in ji shi. "Ta biyun nan, in ka kashe inji kana caji, jinin batir kake sha."

Na ce masa doka ta hana ta farko. Ya dube ni, ya dubi babur, ya ce Allah ya kyauta, ya ɗaura ta biyu. Soket ne mai baki biyu da murfin roba saboda ruwa, ni na saye shi. Daga ranar aiki ya miƙe. Waya tana kan mariƙi tana shan caji, ina tafe tana cika, in fita da safe in dawo da yamma ba ta ko yi gyangyaɗi ba.

Ranar rufewa ta faɗo Juma'a. Talatar wannan makon na nufi ƙauye na ƙarshe da ya rage mini a Falgore, wanda muke kira Unguwar Malam Audu, da sunan mai unguwarsu. An kwana ana ruwa, an kuma yi shuka, don haka babu zancen shiga gona da babur. Ko ƙasa a bushe take, wanda ya san darajar noma ba ya hawa kan shukar mutane da taya. Na kafe Raƙumi a gindin bishiyar ƙofar gidan mai unguwa, na ciro wayata cike taf, da niyyar yin awon a ƙafa.

Ku da kuka fara fita fili kun san ba a isa ƙauye a kama aiki. Sai an shimfiɗa maka tabarma, an tambayi gajiyarka da iyalinka da ruwan garinku, kai ma ka tambayi nasu ɗaya bayan ɗaya. Aka kawo fura a ƙwarya, damun da ba a yi wa ɗan gida sai baƙo. Ina cikin sha sai ga wata tsohuwa, Inna Hajara, ta durƙusa daga gefe ta gaishe da mai unguwa, ta gaishe ni. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da 'yar ƙaramar waya mai madannai. Ƙauyen ba wuta, sai ranar kasuwa suke haɗa wayoyinsu a kai wa mai caji, wannan makon kuma ruwa ya hana zuwa. Ɗanta yana aikin ƙarfi a kudu, matarsa tana kan gwiwa ko yau ko gobe, wayar kuma ta mutu tun kwanaki.

"Ɗan nan, an ce raƙumin naka yana shayar da waya," in ji ta. "Ko zai ɗan sam wa tawa?"

Da hannuna na ɗaga murfin robar na sa mata. Ina juyowa na ga mai unguwa yana shafa aljihu yana kallon wani wuri, irin kallon dattijon da yake son abu kunya ta hana shi faɗa. Na ce ya kawo tasa. Liman ma aka karɓo tasa. Daga nan na ce duk mai bukata bismillah, idan ta wani ta ɗan samu a cire a sa ta wani. Ban manta da maganar Iliya ba. Lissafina in dawo da azahar in tayar da inji ya ɗan yi aiki, batir ya farfaɗo.

Sai dai iyakar gona ba ta san azahar ba. Malam Audu ne yake gaba yana nuna mini, nan tushen gamba ne, can kututturen ɗorawa, kowace gona sai an kira mai ita da maƙwabcinsa sun tsaya. A wata gonar muka tarar da 'yan'uwa biyu da ruwa ya share musu alama, sai da aka zauna aka sasanta su kafin in ɗaga ƙafa. A gona muka yi salla. Ina kashe wayar tsakanin gona da gona don ta ƙara numfashi, duk da haka kafin la'asar ta ce ga garinku nan. Saura gonakin tsallaken rafi ba a auna ba, ciki har da ta Inna Hajara.

Da muka dawo gindin bishiya na tarar da kasuwa. Wani ya samo kebur mai bakuna da yawa, wayoyi sun kewaye kujerar Raƙumi kamar kaji a kan tsaba. Har da tociloli masu caji, har da rediyon wani mai shayi. Kowa yana ta sa mini albarka. Na amsa, na hau, na danna maɓalli, Raƙumi ya yi ɗan tari ya yi shiru. Na sake dannawa, ko tarin ma bai yi ba. Majiya ƙarfin ƙauyen suka taru suka tura, amma babur mai nauyin nan a cikin taɓo, tayar baya sulɓi kawai take yi. Muka tura har muka gaji, ni da su duk muka koma kalar ƙasa.

A nan na kwana, a zauren mai unguwa. Abin da na lura da shi, ba wanda ya zame ya ce ba ruwansa. Da safe Malam Audu ya sa aka ɗaura wa shanunsa amalanke, aka kinkimi Raƙumi aka kwantar a kan buhunan ƙaiƙayi don kada ya kurje, aka ɗaure shi da igiya. Muna shirin tashi Inna Hajara ta biyo mu da ƙullin gyaɗa. Wayarta ta yi ƙara tun jiya da yamma, an sauka lafiya, an samu mace, kuma sunanta za a sa. Ta ce in ci gyaɗar a hanya, ta kuma tambaye ni yaushe zan dawo in auna mata gonarta. Na ce kafin Juma'a, in Allah ya yarda.

Muna hawowa kwalta, shanu suna tafiyarsu ta ƙasaita, tambarin ofis a jikin tanki yana ƙyalli kowa yana gani, sai ga motar Alhaji Tukur ta fito daga wajen Rogo Ruma. Duk faɗin ƙasar nan, a ce sai a wannan lokacin. Ya tsaya, ya fito, ya gaisa da Malam Audu gaisuwa ta mutunci, domin wannan kam ba ya wasa da ita. Ya zagaya amalanken, ya sa yatsa ya ɗaga murfin soket ɗin, ya mayar. Bai ce mini komai a gaban mutane ba illa in same shi a ofis. Muka ƙarasa wurin Iliya, ya sa wa batir caji, kafin yamma Raƙumi ya tashi lafiya lau kamar ba shi ba.

Alhamis da safe na shiga ofishinsa. Ya sha mur, ya ce na mayar da kayan ofis shagon caji, na kuma sa an yi mana dariya a kan titi. Na ce ban yanke ko zare ɗaya ba, ya aika a duba. Ya ce a cire soket yau, gonakin da suka rage kuma a bar su sai baɗi. Na ce takin baɗi ba zai yi wa dawar bana komai ba, kuma mutanen tsallaken rafi su ne suka fi kowa rashin ƙarfi a ƙauyen. Na roƙe shi abu ɗaya, ya ba ni izini Iliya ya yanke igiyar nan guda ya bi ta makulli, daga ranar batir ba zai ƙara mutuwa ba ko garin duka ya zo caji. Ya ce ba shi ya kafa dokar ba, ba kuma shi zai karya ta ba.

Can sai ya sassauto. Ya ce zai kau da kai soket ya zauna zuwa Juma'a, da sharaɗin ba wayar da za ta ƙara hawa kansa sai ta aiki. Na ce to in bar inji a kunne in sun sa tasu. Ya ce man ofis ba na cajin ƙauye ba ne.

"In sun tambaye ka, ka ce musu a'a. Kalma ɗaya ce, Malam Nasiru."

"Ranka ya daɗe," na ce, "mutanen nan furarsu na sha, a zaurensu na kwana, shanunsu suka ɗauko mana babur. In koma gobe tsohuwa ta miƙo mini waya in ce mata a'a? Ban iya ba, kuma ba na son in koya."

Ya ce in haka ne babur ba zai fita ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban ɗaga murya ba. Na zaro makullin daga aljihu na ajiye a kan teburinsa, na ce ga amanarsu nan lafiyarta ƙalau. Na fita baranda inda na kafe Raƙumi, na ari sifana a wurin direba, na kwance notin nan biyu, na naɗe soket ɗina da fis ɗinsa na jefa a jaka. Mariƙin waya na ofis ne, na bar musu abinsu. Abokan aiki suna ta leƙe ta taga, wani yana mini alama da hannu wai in koma in ba da haƙuri. Ko kallonsa ban yi ba.

Sai da na fito bakin titi na tuna ba ni da abin hawa, gobe kuma rufewa. Na cika wayata a wurin mai caji na tasha, na kira Malam Audu, ban sa rai ba, domin a ƙauyen nan da ba wuta, ka kira mutum ka samu wayarsa da caji abu ne mai wuya. Bugu ɗaya ya ɗauka. Wayarsa tana nan da ranta, cajin da ta sha a jikin Raƙumi bai ƙare ba. Na faɗa masa yadda muka yi. Bai yi dogon zance ba, ya ce in hau mota in sauka wurin Iliya, ƙanensa Sale zai same ni a can.

Sale ya zo da wani tsohon ƙaramin babur mai kik, kujerarsa ɗaure da roba, fitilarsa tana kallon sama. Na ce wa Iliya ya ɗaura soket ɗin a kai. Ya tambaye ni ta wace hanya, yana murmushi. Sale ya ce babur nasa ne, ba wanda ya kafa masa sharaɗi, a yanke duk abin da ya kamata a yanke. Iliya ya bi ta makulli, ya naɗe haɗin da kyau. Muka yanko robar tsohon tub na taya muka ɗaure wayar aiki a kan babur, Sale yana tuƙi ina baya, baki ɗaya na soket yana ba wayata, ɗayan yana ba tasa.

Yammacin Alhamis da safiyar Juma'a muka yi su a tsallaken rafi. In wayata ta yi ƙasa, Sale ya ɗauke ta ya yi ɗan zagaye a kan burtali ta farfaɗo, ni kuma in zauna in huta. Gonar Inna Hajara ce ta ƙarshe. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai a gaji da zagaya ta ba, amma tsohuwar nan ta bi ni taku-taku tana nuna mini iyaka, kada in rage mata ko kunya ɗaya. Daga nan muka hau wani tudu inda sabis yake kamawa, na tura awon duka kafin a shiga masallaci. Da na ga ya tafi, sai na zauna a ƙasa.

Taki ya zo musu a wannan daminar, kowa da sunansa. Ni kuma abin da ya zo mini takardar tuhuma ce, wadda ake ba ma'aikaci ya kare kansa a rubuce. Na amsa ta da abin da na faɗa muku yanzu, ban ƙara ba ban rage ba. Ƙarin girman da nake sa rai ya tsallake ni ya faɗa kan na bayana. Ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba. Daga baya Alhaji Tukur ya aiko a ce mini in na rubuta ban haƙuri, na kuma yarda da sharaɗinsa, makulli yana nan yana jirana. Na ce a gaishe shi, a ce masa na gode. Muna gaisawa har yau, na je sunan jikansa, amma wannan takardar ban rubuta ta ba, ba kuma zan rubuta ba. Na lallaɓa na sayi ɗan ƙaramin nan da kuke gani, mai kik, da soket ta bayan makulli. Wancan soket na farkon yana nan a babur ɗin Sale, na bar masa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, aikin malamin gona a kan mutane yake tafiya. Ofis zai ba ka babur da waya da doka, amma ba ofis ne zai nuna maka tushen gambar da ya raba gona da gona ba, ba kuma shi zai ciro ka daga taɓo ba. Wanda zai yi maka wannan shi ne mai miƙo maka wayarsa. Ku kula da batir, ku sa fis, ku bi ta makulli in an bar ku. Amma kada a koya muku rowar abin da bai taka kara ya karya ba ga mutanen da ba su taɓa yi muku rowar komai ba.

Raƙumi kuwa, ba a ba wa kowa shi ba. Aka ce ya fi ƙarfin ƙananan malamai, a ajiye shi sai an samu wanda ya dace. Shi ne abin nan da ke lulluɓe da tamfol a ƙarshen baranda, wanda kuke jingina kekunanku a jikinsa. Wayarinsa yana nan yadda ya zo, ba wanda ya yanke ko zare. In kun fita ku roƙi makullin a wurin mai gadi, ku ɗaga tamfol ɗin ku danna maɓallin. Tun daminar nan ba wayar da ta ƙara shan caji a jikinsa, amma batirinsa ya daɗe da mutuwa.